Dalma: Daga Ayarin Fatake Zuwa Buhun 'Yan Gwangwan

A ƙasar Miga ba a haƙar dalma. Fadama ce da jigawa, ƙasar shinkafa da kifi, wadda Kogin Haɗeja ke malala a kanta duk damina. Amma mutum biyu a wannan yanki sun daɗe ba sa rabo da wannan ƙarfe mai nauyi da taushi: maharbi da masunci. Maharbi na ɗura ta a bindigar toka, masunci na maƙala ta a bakin birgi don ya nitse kafin kifi ya sulale. Kullum daga nesa take zuwa musu, galibi bayan ta gama yi wa wani aiki.

Bindiga ta riga Turawan mulki isowa nan da daɗewa. Tun ƙarni na 16 Mai Idris Alooma na Barno yana da 'yan bindiga da Turkawa suka horar. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, aka kawo bindigogi daga Nufe, kuma Sarki Babba Zaki ne ya fara ajiye 'yan bindiga cikin masu tsaronsa. Sai dai mallakar bindiga daban, ciyar da ita daban. Dalma sai fatake sun kawo, ko ta hamada daga Tarabulus, ko ta kudu daga bakin teku, kuma kafin ta iso gabashin Kano ta yi tsada. Shi ya sa kwari da baka suka daɗe suna riƙe da daji, har yau ma shugaban maharba Sarkin Baka ake kiransa. Wanda ya samu bindiga ya rasa dalma, sai maƙeri ya datsa masa guntayen ƙarfe, ko ya tsinci tsakuwa.

Abin mamaki, dalmar da ta daɗe tana yawo a kasuwanninmu ta kwalliya ce. Tozalin gargajiya dutsen dalma ne, ana haƙo shi a wurare irin su Zurak ta ƙasar Wase.

A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Brussels ta taƙaita shigo da bindigogin zamani Afirka, suka bar ƙofa a buɗe ga tsofaffin da ake ɗurawa ta baki. Haɗejawa sun ga abin da hakan ke nufi a watan Afrilu na 1906, lokacin da Sarki Muhammadu Mai Shahada da jarumansa suka tari sojojin Ingila masu bindiga mai ruwa, ya faɗi a cikin birninsa. Daga nan bindigar toka ta bar fagen fama. Ta koma hannun maharba da 'yan bindigar da ke rakiyar sarki ranar hawan salla, kuma dokar makamai ta 1959 ta ba hukuma ikon cewa ko ita sai da lasisi.

Mota ce ta sauƙaƙa dalma. Cikin tsohon batir akwai ta, akwai kuma 'yan ƙananan nauyin da masu gyaran taya ke maƙalawa a bakin wili don kada mota ta yi rawa a guje. A Amurka masu zuba harsashi a gida sun shafe shekaru suna bin shagunan taya suna sayen waɗannan guntaye bokiti-bokiti. A nan 'yan gwangwan ne suka gaji fatake: su bi gareji-gareji da buhu, su auna da kilo, kaya su bi motar kasuwa zuwa ƙauye, maƙeri ya narka wa masunci nasa, ya zuba wa maharbi nasa. Yanzu ma cinikin ya sake fuska, domin Tarayyar Turai ta hana nauyin taya na dalma a 2005, motocin da ake shigowa da su daga can kuwa na tutiya ko na baƙin ƙarfe suke ɗauke da su.

Dalilin hanin shi ne guba, kuma arewa ta san ta da hawaye. A 2010 ƙurar dutsen zinare mai haɗe da dalma, wanda ake niƙawa cikin gidaje, ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara. Dalma ba ta ruɓewa. Wadda aka harba ta faɗa taɓo, agwagwar ruwa na haɗiye ta a zaton tsakuwa. Saboda haka Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da ita tun 1991. A nan kuwa, kogin da ya ratsa Miga shi ne ke shayar da dausayin Baturiya, masaukin tsuntsayen da ke tasowa daga Turai kowane hunturu.

Maharba da masunta da maƙera mutanen amana ne, sana'arsu kuma gado ce. Roƙo ɗaya gare su da shugabanninsu: kada a fasa batir ko a narka dalma a tsakar gida inda yara ke rarrafe, kuma kaskon da ta taɓa shiga kada ya sake komawa madafa.