BABI NA UKU: RAYUWAR MALAM MAMMAN DAURA DA AYYUKANSA A FAGEN WATSA LABARAI

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ƙasar Daura da yadda ilmin boko ya shige ta. A wannan babi kuwa za a yi ƙoƙarin bin rayuwar Malam Mamman Daura, wanda ya taɓa aiki a gidan rediyo, ya zama editan jaridar New Nigerian da manajan daraktanta, sannan ya shugabanci hukumar gudanarwa ta gidan talabijin na ƙasa, wato NTA. Dalilin zaɓensa shi ne, yawancin matasa ba su san shi ba sai a matsayin ɗan wan marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, alhali kuwa ya yi suna a aikin jarida tun kafin baffan nasa ya zama shugaban ƙasa a karon farko. Tambayar da babin zai bi diddiginta ita ce: shin kafar watsa labarai da gwamnati ta mallaka za ta iya faɗa wa gwamnati gaskiya?

3.1 Asalinsa da Neman Ilminsa

An haifi Malam Mamman a garin Daura ran 9 ga Nuwamba, 1939, a zamanin Sarkin Daura Abdurrahman. A cikin wannan shekara ce kuma aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, jaridar da daga baya ta koma ƙarƙashin kamfanin da ya shugabanta. Mahaifinsa shi ne Alhaji Dauda, Durɓin Daura, wanda yake wa ne ga Muhammadu Buhari ta wajen uba. Ke nan Buhari baffansa ne, ko da yake Malam Mamman ya girme shi da shekara uku. Wannan ya sa suka tashi tamkar wa da ƙane.

Ya yi makarantar Midil ta Katsina, daga nan ya wuce sakandaren lardi da ke Okene. Da ya gama ya taɓa aiki da En'en Daura, sannan ya koma gidan rediyon Nijeriya na wancan lokaci, wato NBC, a matsayin mataimakin mai tsara shirye-shirye. A nan ne ya fara sanin yadda ake tace labari kafin a sake shi ga jama'a. A shekarun 1960 ya tafi kwalejin Trinity da ke birnin Dublin na ƙasar Ayalan, inda ya karanci ilmin tattalin arziki da na gudanar da mulki. Da ya komo gida sai ya kama aikin gwamnati.

3.2 Zamansa a Jaridar New Nigerian

Kafin a fahimci aikin da ya yi, wajibi ne a san dalilin kafa jaridar. Gwamnatin Sardauna ta daɗe tana ganin cewa jaridun Ikko da Ibadan ba sa yi wa Arewa adalci, ita kuwa Nigerian Citizen da ake bugawa a Zariya ba ta da ƙarfin ja da su. Saboda haka aka kafa New Nigerian a Kaduna, ta fara fitowa ran 1 ga Janairu, 1966, a ƙarƙashin wani Bature mai suna Charles Sharp. Mako biyu kacal bayan haka aka yi juyin mulkin da aka kashe Sardauna a cikinsa. A watan Mayu, 1967 kuma aka rushe Jihar Arewa aka raba ta gida shida, kadarorinta suka koma hannun wata hukumar haɗin gwiwa ta wucin gadi, wato ICSA.

Wannan al'amari yana da muhimmanci ƙwarai. Tun da yake jihohi shida ne suka haɗu suka mallaki jaridar, babu wani gwamna guda da zai iya cewa tasa ce, balle ya juya ta yadda ya so. Gwamnatin tarayya da ke Ikko ita ma ba ta da hannu a cikinta. A cikin wannan sarari ne Malam Adamu Ciroma, editanta na farko ɗan ƙasa, ya aza harsashi, shi kuwa Malam Mamman Daura ya gaje shi a 1969, lokacin ana tsakiyar yaƙin basasa, shekarunsa ba su wuce talatin ba.

Abin da aka fi sanin jaridar da shi a wannan zamani shi ne sharhinta, wanda akan sa a shafin farko, gajere, da Turanci mai sauƙi, ba kwana-kwana. Akwai kuma filin Candido, wanda marubucinsa ke ɓoye sunansa yana tona abin da ake ƙullawa a ofisoshin gwamnati. Manyan ma'aikata da hafsoshin soja sukan karanta ta don su san inda ra'ayin Arewa ya dosa, ita kuwa ba ta jin nauyin sukar gwamnatin Janar Yakubu Gowon in ta ga an kauce. A 1973 kamfanin ya kafa injin ɗab'i na biyu a Ikko, aka riƙa buga jaridar a wuri biyu a lokaci guda, domin ta isa hannun mai karatu na Kudu da safe maimakon ta kwana a hanya. Daga baya Malam Mamman ya hau kujerar manajan darakta, Malam Turi Muhammadu kuma ya zama edita.

Sai dai kuma ba a rasa masu suka ba. Masu ra'ayin NEPU da malaman jami'a masu ra'ayin kawo sauyi sun riƙa cewa jaridar muryar manyan Arewa ce, wato sarakuna da manyan ma'aikata, ba ta talaka ba. Idan aka duba da kyau, maganganun biyu ba su rushe juna ba: jaridar ta sami 'yanci daga fadar gwamnati ta Ikko, amma tana ɗaure da muradin waɗanda suka kafa ta. A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta karɓe New Nigerian ɗungurum, ta kuma karɓi kashi 60 cikin 100 na Daily Times. Ba da daɗewa ba Malam Mamman ya bar kamfanin ya shiga harkar masana'antu da banki, inda ya kafa kamfanin kujeru da darduma a Kaduna, daga baya kuma ya shugabanci bankin African International Bank.

3.3 Shugabancin Hukumar NTA

Talabijin ya fara a Nijeriya a Ibadan a 1959, ya iso Kaduna a 1962 ta hannun kamfanin BCNN. Gwamnatin soja ta tattara gidajen talabijin na ƙasar nan duka a ƙarƙashin hukuma ɗaya ta hanyar Doka ta 24 ta 1977, wadda ta kafa NTA, da Injiniya Vincent Maduka a matsayin babban darakta na farko. Tsarin mulkin 1979 ya ba jihohi damar buɗe nasu, kamar yadda Kano ta buɗe CTV, amma ba a ba 'yan kasuwa wannan dama ba sai da Doka ta 38 ta 1992. Ke nan a tsawon waɗannan shekaru, labarun ƙarfe tara na dare na NTA su ne tagar da mafi yawan masu kallo ke ganin gwamnati ta cikinta.

A irin wannan yanayi ne aka naɗa Malam Mamman Daura shugaban hukumar gudanarwar NTA. Ya kamata a bambance wannan muƙami da na edita. Shugaban hukuma ba shi ke tsara labarun yau da kullum ba. Aikinsa ya shafi manufa da kasafin kuɗi da naɗin manyan ma'aikata, kuma gwamnatin da ta naɗa shi ita ke iya sauke shi. Dokar da ta kafa NTA ta ba minista ikon ba hukumar umarni. Saboda haka sararin da ya samu a Kaduna, inda masu jarida suke da yawa kuma ba su da baki ɗaya, babu shi a talabijin, inda mai gida guda ne kuma yana kallon allon kowane dare.

3.4 Bayan Barin Aiki

Tun daga shekarun 1970 ake sa sunansa cikin rukunin 'yan bokon Arewa da ake yi wa laƙabi da "Kaduna Mafia". Da Buhari ya hau mulki a 2015, zancen ya sake tasowa, ana zargin cewa shi ne mai faɗa a ji a fadar shugaban ƙasa ba tare da wani muƙami ba. Abin lura shi ne, mutumin da ya yi shekaru yana buga ra'ayinsa a shafin farko ya koma mai ƙarancin magana da 'yan jarida. Da ya yi hira da Sashen Hausa na BBC a watan Yuli, 2020, ya nuna cewa cancanta ya kamata a duba wajen zaɓen shugaban ƙasa ba karɓa-karɓa ba, maganar ta tayar da ƙura a faɗin ƙasa.

3.5 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda ɗan Durɓin Daura ya bi ta rediyo da jarida har ya kai ga shugabancin hukumar talabijin ta ƙasa. An kuma ga cewa ƙarfin halin edita kaɗai ba ya ba kafar gwamnati 'yanci. Tsarin mallakarta shi ne ke buɗe ƙofa ko ya rufe ta. A babi na gaba za a nazarci sharhunan New Nigerian daga 1969 zuwa 1973, domin a auna wannan ra'ayi da abin da jaridar ta buga.