Daga Yatsun Ibnu Sina zuwa Agogon Hannu: Tarihin Ƙirga Bugun Zuciya

Malamin makaranta ko ma'aikacin ƙaramar hukuma a Batsari ko Safana, wanda likita ya shawarce shi da ya riƙa sassarfa saboda hawan jini, ba shi da sararin da mahaifinsa ya samu. Garuruwan biyu suna gefen Dajin Rugu, kuma shekarun 'yan bindiga sun hana mutane da yawa bin hanyar gona da duku-duku. Abin da ya rage masa shi ne zagaya filin makaranta bayan sallar asuba. To, shin sai ya sayi agogon nan mai auna bugun zuciya kafin ya fara? Tarihin na'urar ya isa ya ba shi amsa.

Ƙirga bugun jijiya ya daɗe ƙwarai. A ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa, likitan Iskandariya Herophilus yana gwada shi da agogon ruwa. Ibnu Sina, wanda ya kammala littafinsa Al-Ƙanun wajen 1025, ya yi dogon bayani kan nau'o'in bugu, har ya nuna yadda likita zai riƙe tsintsiyar hannun wanda soyayya ta kwantar, yana ambaton sunaye, sunan da bugun ya sauya a kansa shi ne maganin. Yatsu ne kaɗai kayan aikinsa. Lissafin da muka sani, wato bugu nawa a minti guda, sai a 1707 ya kankama, lokacin da likitan Ingila John Floyer ya wallafa littafi kan agogon da ya sa aka ƙera masa don wannan aiki.

Daga nan lantarki ya shigo. Willem Einthoven na Holan ya ƙera na'urar da ke zana motsin zuciya a takarda a farkon ƙarni na 20, ya sami kyautar Nobel a 1924. Ta Norman Holter ta farko, wadda ake goyawa a baya, nauyinta kusan kilo 38. Wadda mai gudu zai iya ɗaurawa ba tare da waya ba kamfanin Polar na ƙasar Finlan ne ya fitar da ita a 1982: maɗauri a ƙirji, agogo a hannu. Abin lura shi ne don wa aka yi ta. An yi ta ne domin 'yan wasan gasa, waɗanda bambancin bugu biyar ke sauya musu tsarin horo. Ita kuwa sassarfar neman lafiya ta riga na'urar yaɗuwa, tun ƙungiyar da Arthur Lydiard ya assasa a Auckland a farkon shekarun 1960, kuma dubban mutane sun amfana da ita ba su ɗaura komai ba.

Ma'aunin da agogunan yau suke dogara da shi ma ba wahayi ba ne. Ƙa'idar cire shekarun mutum daga 220, wadda ke ba ɗan shekara 45 iyakar bugu 175, ta bazu ne daga wani rubutu na 1971, kuma kirdado ce da kan kauce da bugu goma ko fiye. Ba ta san zafin Afrilu a Katsina ba, lokacin da zuciya ke ƙara sauri a kan gudu iri ɗaya, balle ƙishirwar mai azumi.

Wanda ya ƙuduri aniyar saye, akwai abin dubawa. Agogon hannu yana haska fata da koren haske ya karanta kai-komon jini, saboda haka girgizar gudu da sako-sakon ɗauri sukan ruɗa shi. Maɗaurin ƙirji yana karanta lantarkin zuciyar ne kai tsaye, ya fi daidai, kuma ƙaramin batirinsa yakan yi watanni, abin da ba a rainawa inda caji sai an kai shago. Na'urar da ba ta nuna komai sai ta manhajar da ke neman intanet ita ma abin tsoro ce: a Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Batsari da Safana, na tsawon watanni. Masu arha kuwa, an sha ganin waɗanda ke nuna bugu ko da a kan tebur aka ajiye su.

A ganina, gwajin kowace na'ura shi ne na Floyer. Ka ɗora yatsu biyu a tsintsiyar hannu, ka ƙirga na daƙiƙa 30, ka ninka biyu, ka kwatanta da abin da agogon ya nuna, a zaune da kuma bayan zagaye biyu. Babban mutum a zaune yakan sami 60 zuwa 100. A lokacin sassarfa, in kana iya yi wa abokin zagayenka magana ba tare da numfashi ya sarƙe ba, ba ka wuce kima ba. In kuwa ƙirji ya ɗaure, ko jiri ya ɗebe ka, tsayawa za ka yi ka nemi likita, ko da agogon ya nuna lambar da ta yi maka daɗi.