Braille: Rubutun Makafi

Braille rubutu ne na ɗigogi masu tudu da makafi ke karantawa da yatsu. Louis Braille, Bafaranshen da ya makance tun yana yaro, shi ya ƙirƙiro shi a 1824, inda kowane harafi ke fitowa daga gurbi mai ɗigo shida.

A Najeriya, an buɗe makarantar makafi ta farko a Gindiri a 1953. A Jihar Sakkwato kuwa, makarantar A.A. Raji tana babban birnin jihar, don haka yaron Sabon Birni ko Isa da zai je can sai ya bar gida, ya bi hanyar da 'yan bindiga suka addaba.

Manhajar TalkBack tana karanta saƙon waya da murya, amma ba ta koya wa yaro rubutu.