Daga Garmaho Zuwa Memori: Yadda Shata Ya Shiga Aljihun Manomin Kura

Kwanakin baya, ana tsakiyar kakar tumatir, na tsaya a wata rumfar cajin waya da ke bakin titi a garin Kura. Ina nan tsaye sai ga wani dattijo ya jingine kekensa, ƙafarsa duk lakar gona. Ya zaro ɗan memori daga cikin hularsa ya miƙa wa yaron da ke gaban kwamfuta. "Yaro, zuba min Shata duka. In wuri ya ragu ka ƙara Ɗanƙwairo." Yaron ya ce, "An gama, Baba. Har Ɗan Anace zan sa maka kyauta." Kafin in gama shan ruwan leda an sallame shi, kuma abin da ya biya bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba.

Na bi shi da kallo ina mamaki. Abin da wannan bawan Allah ya mayar cikin hularsa, shekaru sittin da suka wuce ko babban attajiri bai isa ya tara shi ba. To yaya aka yi muka zo nan? Kuma me muka yar a hanya? Abin da nake so mu duba ke nan, mai karatu.

Zamanin da sai ka je

A da, waƙa ba abar ajiyewa ba ce. In kana son jin Ibrahim Narambaɗa, sai ka niƙi gari ka tafi Isa, fadar Sarkin Gobir Amadu. In Musa Ɗanƙwairo ne, sai ka nufi Maradun ko ka jira ranar da wani basarake zai gayyato shi. Manomin ƙasar Kura da Bunkure yana da nasa makaɗan, masu gangar noma a ranar gayya da masu kalangu a gidan biki, amma da an tashi daga fage shi ke nan, sai abin da kunne ya riƙe.

Garmaho ne ya fara ɗaure murya. Sai dai faifansa na farko, wanda kan fashe in ya faɗi, gefe ɗaya bai wuce kamar minti uku ba. Ka ga kuwa makaɗin da kan kwana yana zuba, dole a datse masa waƙa. Daga baya manyan faya-faye masu ɗaukar kimanin minti ashirin a gefe suka zo, kamfanoni irin su EMI suka buga Shata da Ɗan Maraya Jos. Amma garmaho kayan birni ne, na ma'aikata da 'yan kasuwa.

Wanda ya kai waƙa ƙauye shi ne gidan rediyon Kaduna, wanda gwamnatin Sardauna ta kafa a 1962. Can makaɗa suka riƙa zuwa ana ɗaukar su a tef ana ajiyewa. Kusan duk wata tsohuwar waƙa da muke ji yau, in ka bi salsalarta za ka tarar daga ɗakin ajiyar wani gidan rediyo ta fito, ko daga faifan kamfani, ko daga rikodar wani mai sha'awa da ya kunna a wurin biki.

Ruwan Tiga da rikoda

Abubuwa biyu ne suka haɗu a shekarun 1970 suka canza kunnen mutanen wannan yanki. Na farko kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ya kuma cika kasuwanninmu bayan yaƙin basasa, musamman da kuɗin Udoji suka shigo hannun ma'aikata a 1975. Na biyu shi ne ruwa. Gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar Tiga, aka kammala ta a 1974, daidai lokacin da fari ya gasa wa Arewa aya a hannu. Daga Tiga aka jawo ruwa ta manyan magudanai zuwa Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam, a shirin da aka tsara kashinsa na farko zai shayar da kadada 22,000. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aikin ya koma hannunta.

Kafin nan, da an gama girbin damina sai samari su tafi cirani. Da ruwa ya zo sai rani ya zama lokacin aiki: alkama, tumatir, albasa, masara, daga baya shinkafa ta mamaye. Alkama ma ta ƙara daraja da gwamnatin Babangida ta hana shigo da ita a 1987. Manomi ya fara riƙe kuɗi sau biyu a shekara. In ya sayar da amfani, bayan keke da rufin kwano, sai rikoda. A rataya ta a hannun keke, a ajiye ta a kan kunya ana ban-ruwa, in batir ya yi sanyi a shanya shi a rana.

Kaset ɗin kuwa daga Kano yake zuwa, daga Ƙofar Wambai da Bata, 'yan tireda su kawo ranar kasuwa. Mafi yawansa kwafi ne a kan kwafi, har muryar Shata ta koma kamar daga cikin rijiya take fitowa. Duk da haka mai kaset ya san kayansa. Yakan rubuta sunan makaɗi da na waƙa da biro a jikin kwali, in ka tambaye shi ya gaya maka wa aka yi wa ita. Mai kaset hamsin a kwali a lokacin, ai shi ne ɗakin karatun unguwa. A zo a ara, a yi rigima in tef ya tsinke, a liƙe shi da jan farce.

Fiyano, sidi da wayar hannu

A 1990 aka yi Turmin Danya, harkar finafinan bidiyo ta kankama. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 waƙoƙin fiyano sun ƙwace kasuwar kaset, matasa suka juya wa kalangu da kotso baya. A daidai wannan lokaci manyan suka yi ta tafiya: Ɗanƙwairo a 1991, Shata a watan Yunin 1999. Daga baya Barmani Choge ta bi su a 2013, Ɗan Maraya a 2015. Allah ya jiƙansu. Mutane da yawa sun ɗauka da su da waƙoƙinsu an binne.

Ashe ba haka ba ne. A watan Agustan 2001 wayar hannu ta shigo Nijeriya. Cikin 'yan shekaru aka sami wayoyi masu arha da ke cin memori suna kunna MP3. Wasu samari a Kano suka zauna suka juye tsofaffin kaset zuwa kwamfuta, daga nan abin ya bazu ta kasuwar waya ta Farm Centre da titin Beirut, ya isa kowace rumfar caji a Kura, Bunkure da kasuwar 'yan gwari ta Kwanar Gafan. Sana'ar tura waƙa ta kafu. Wanda aka tura wa shi ma ya tura wa abokinsa ta Bluetooth. Yanzu ɗan ƙaramin rediyo mai cin memori ya maye gurbin rikoda a bakin kunya.

Yadda wasu suka yi nasu

A daidai waɗannan shekaru, Turawa su ma suna fama da irin wannan sauyi. A 1999 manhajar Napster ta sa mutane suna musayar waƙa kyauta har kotu ta taka mata burki. A 2003 kamfanin Apple ya buɗe kantin iTunes, inda a lokacin za ka sayi waƙa ɗaya a kan santi 99 ka sauke ta cikin kwamfutarka. Masu sha'awar kiɗan gargajiyar Turai, irin na su Bach da Mozart da Beethoven, suka sami abin da suke so: tarin ayyukan makaɗi guda a dunƙule. A 2016 an fitar da ayyukan Mozart kaf a faifan sidi 200, a 2018 na Bach a faifai 222.

Abin lura ba yawan ba ne, tsarin ne. Tun a 1862 wani masani mai suna Köchel ya bi ayyukan Mozart ɗaya bayan ɗaya ya ba kowanne lamba, kuma har yau da lambobinsa ake aiki. Saboda haka in mutum ya sayi kiɗa a kantin intanet, zai ga lambarsa, da sunan waɗanda suka kaɗa, da shekarar da aka ɗauka, da wurin. Kuɗin da ya biya kuma akwai hanyar da wani kaso zai bi ya kai ga masu haƙƙi.

Irin waɗannan kantuna sun iso mu. Boomplay ya fara aiki a Nijeriya a 2015, Spotify ya shigo a 2021, ga kuma YouTube da ke cike da tsofaffin waƙoƙinmu. Amma manomin Bunkure bai koma can ba, kuma yana da hujja. Data tsada gare ta, sabis a gona sai a hankali, sannan daga 2022 zuwa 2025 bankuna da dama sun hana sayayya daga waje da katin naira. Memori kuwa sau ɗaya za ka biya, ba ruwansa da sabis.

Abin da ya zube a hanya

Na roƙi yaron nan ya nuna min jakar Shata da ke kwamfutarsa. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Waƙoƙi ga su nan birjik, amma da yawa ba suna sai lamba. Wata an maimaita ta sau uku da suna daban-daban. Wata an yanke mata kai, wata an liƙa mata muryar mai shago yana tallar kansa. Na ga an rubuta Bakandamiya kawai, alhali Narambaɗa yana da tasa, Shata yana da tasa, kuma ta Shata ma ba sau ɗaya ya rera ta ba, kowane zama da abin da yake ƙarawa. Wacce ce wannan? Ta wace shekara? Yaron ya ce shi ma haka aka turo masa.

Wannan ba ƙaramar asara ba ce, domin waƙoƙin nan kundin tarihi ne. Wadda Shata ya yi wa kumbon Apollo 11 mun san ba ta riga 1969 ba, don abin da ta ambata sananne ne. Amma ɗaruruwan da ya yi wa direbobi, 'yan kasuwa, hakimai da mata fa? In aka rasa wanda ya san mutanen da aka ambata, sai waƙar ta zama amo kawai. Su waye 'yan amshi? Wa ke riƙe da kalangu? Babu wanda ya rubuta a memori.

Sai batun haƙƙi. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sabunta aka sa wa hannu a 2023, ta kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Wato waƙoƙin Shata suna da masu su har 2069. To daga kuɗin da dattijon nan ya biya, ko kwabo bai kama hanyar gidan magada ba. Ban ga laifin dattijo ba, ban kuma ga na yaron da ke neman na tuwo ba. Ba a taɓa ba su wata hanya ta halal mai sauƙi suka ƙi ba. Kuma abin mai yiwuwa ne: wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tattara waƙoƙi daga memorin wayoyin mutanen arewacin Mali, ya bi sawun mawaƙan ya yi yarjejeniya da su, sannan a 2011 ya fitar da faifai a kamfaninsa na Sahel Sounds.

Ba kuma daga tushe za mu fara ba. David Ames da Anthony King sun fitar da ƙamus na kiɗan Hausa tun 1971. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya share shekaru yana rubuta tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu a jerin Diwanin Waƙoƙin Baka. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun ba mu Shata Ikon Allah a 2006. Abin da ya rage shi ne a haɗa wannan ilimi da sautin kansa. Gidajen rediyo su fito da tef na asali kafin zafi da ƙura su cinye shi, jami'o'i su ba kowace waƙa lamba da shekara da bayani, magada su sa hannu, sannan a sayar a intanet da kuma a memori, a farashin da manomi zai iya, mai rumfar caji ya zama dillali yana cin kasonsa.

Mutanen Kura da Bunkure sun fi kowa sanin wannan darasi. Kafin 1974 ma ruwan kogin Kano yana nan, sai dai ya zo da damina ya wuce. Da aka tare shi aka yi masa hanya ne ya zama shinkafa. Dattawan da suka ga Shata da idonsu, suka san wa ya yi wa wace waƙa, suna nan a raye a garuruwan nan, amma kullum raguwa suke. In kana da irinsu a gida, mai karatu, kunna masa memorin nan yau, ka ɗauko biro da takarda ka zauna kusa da shi.