Rumbu cikin rumbu: yadda Git ya koyi jiran umarni

A ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin Kaduna ta sa aka katse layukan waya a wasu sassan jihar saboda 'yan bindigar da suka yi sansani a dazuzzuka irin na Kamuku. Birnin Gwari na cikin wuraren da abin ya shafa, har zuwa ƙarshen Nuwamba. Wanda ya yi waɗannan makonni babu sabis, ko ya saba auna data kamar yadda ake auna hatsi da bazara, zai yi saurin gane tambayar da masu rubuta manhaja suka shafe shekara ashirin suna ja-in-ja a kanta: idan aikinka ya jingina da na wani, wa ke da ikon cewa a ɗebo sabo, kuma yaushe?

Masu wannan sana'a suna tara rubutunsu a rumbu mai riƙe tarihin kowane gyara, kuma sau da yawa rumbu ɗaya yana ɗauke da wani a cikinsa, mallakar wasu mutane daban. Subversion, wani tsarin kula da irin waɗannan rumbuna da ya kai cikakkiyar siga a 2004, ya zaɓi sauƙi: ka sabunta babban rumbu, ƙananan su bi sahu su kwaso na baya-bayan nan, sai fa in ka ɗaure su da lambar siga. Ana jin daɗin haka, har ranar da aikin da ya kwana lafiya zai wayi gari a karye alhali ba ka taɓa komai ba.

Linus Torvalds ya ƙirƙiro wani tsarin, Git, a 2005, aka ƙara masa ƙananan rumbuna a 2007, a siga ta 1.5.3. Nan aka kafa turke. Babban rumbu ba ya riƙe kayan ƙaramin, lambar shaidar siga guda kawai yake riƙewa, da adireshi a wani fayil mai suna .gitmodules. In ka kwafo babban, ɗakin ƙaramin fanko za ka tarar sai ka ba da umarni da hannunka.

Mutane sun koka, kuma suna da hujja. Mutum zai jawo sabon aiki, ya manta da ƙaramin rumbu, ya ajiye tsohuwar lamba, ya mayar da abokan aikinsa baya bai sani ba. Sai aka riƙa sassauta igiya. A 2011 Git ya fara saukar da tarihin ƙaramin da kansa idan lambar ta sauya, amma ba ya taɓa abin da ke gabanka. A 2017 aka kawo saitin submodule.recurse ga mai son komai ya tafi tare, aka bar shi a kashe.

Abin da ya fi burge ni shi ne raba saitin gida biyu. Fayil ɗin .gitmodules yana yawo da rumbu duk inda ya je, maganar mai aikin ce. Ɗayan yana zaune a kwamfutarka, kuma naka ne ke da rinjaye. Baƙo yana iya ba da shawara, mai gida ke yanke hukunci. An ga amfanin wannan katanga a Mayun 2018, da aka gano cewa mugun suna da aka laƙa wa ƙaramin rumbu zai iya sa kwamfutar wanda ya kwafo komai gaba ɗaya ta zartar da umarnin wani. A Disambar 2019 aka haramta wa fayil mai yawo ɗaukar umarnin sabuntawa na musamman. A Mayun 2024 wata ɓaraka ta sake ɓulla ta wannan ƙofar dai, ta kwafo duka a tashi ɗaya.

Tsadar wannan tsari ita ce ƙarin umarni ɗaya da dole ka tuna, kuma ni ina ganin ta yi araha. Ɗalibin da ke koyon sana'ar a Birnin Gwari, wanda ya haɗa kwamfutarsa da wayarsa, yana iya kwafo babban rumbu kaɗai, ya zaɓi ƙaramin da yake buƙata, ya rubuta none a saitin sabuntawar sauran, ya kashe fetch.recurseSubmodules mai saukar da tarihin ƙananan da kansa, sauran su jira har ranar da ya shiga Kaduna ya sami sabis mai ƙarfi.