Gamba: Ciyawar Da Ta Bar Shika Ta Je Ta Ƙosar Da Shanun Barazil

Muƙalarmu ta wannan mako a kan ciyawa take, abin da muke takawa kullum ba tare da mun san tana da tarihi ba.

Duk wanda ke bin titin Zariya ta Gyadi-Gyadi, ko ya ratsa kasuwar Tarauni da bazara, ya san yadda harawa ke tsada. A daidai lokacin ne kuma nono ke ƙaranci a ƙwaryar Fulani. Dalilin guda ne: saniyar da ba ta ƙoshi ba, ba ta kawo nono. Wannan matsala ta tsufa, haka ma neman maganinta.

A 1928 Turawan mulki suka buɗe gonar dabbobi a Shika, kusa da Zariya, da nufin inganta irin shanun ƙasa. Ba a jima ba aka gane cewa irin saniya komai kyansa ba ya amfani idan babu abinci da rani. Sai bincike ya karkata ga ciyawa. A 1962 gonar ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, a 1976 kuma ta zama cibiyar NAPRI.

Cikin ciyayin da aka gwada akwai gamba, wadda muke saƙa zana da ita. Tana jure fari, tana tofowa bayan gobara, tana rayuwa a ƙasar da ta gaji. A 1973 cibiyar CIAT ta ƙasar Kolombiya ta karɓi irinta daga Shika. A 1980 aka fitar da ita ga manoman Kolombiya da sunan Carimagua 1, a Barazil kuma da sunan Planaltina, aka shimfiɗa makiyayu da ita. Har gobe Turawa da sunanta na Hausa suke kiranta.

Sai dai a arewacin Ostireliya labarin ya sha bamban. Can gamba ta tsallake gonaki ta mamaye daji, ta riƙa haddasa gobarar da ke cinye itatuwa, har a 2012 gwamnati ta sa ta cikin jerin miyagun ciyayi. Iri ɗaya, ƙasa dabam, sakamako dabam. Zaɓen iri ba a yinsa da ka.

Kuma gamba ita kaɗai ba ta riƙe saniyar tatsa. Da zarar ta tsufa sai ta zama kara, sinadarin gina jikinta ya ragu ƙwarai. Dole a haɗa ta da dangin wake, waɗanda ganyensu ke gina jiki, saiwarsu kuma ke ƙara wa ƙasa ƙarfi. A nan aka yi musaya: mun bai wa Kudancin Amurka gamba, mun karɓi wani tsiro nasu mai suna sitailo.

A shekarun 1980 masu binciken cibiyar ILCA suka gwada abin da za mu kira rumbun ciyawa tare da Fulanin Kurmin Biri da Abet a kudancin Kaduna. Ana killace fili kimanin hekta 4, a kwanar da shanu a ciki su tattake ƙasar su zuba mata taki. A jiƙa irin sitailo a ruwan zafi don ɓawonsa ya yi laushi, a watsa shi da takin sufa. Farkon damina a saki shanu su cinye ciyawar da ke neman danne shi, sannan a rufe. Da rani sai a riƙa shigar da masu tatsa da masu ciki na 'yan sa'o'i kullum. Bayan shekaru, idan ciyawa ta rinjayi sitailo, a noma masara a wurin ta sha ƙarfin da ya tara, sannan a bar shi ya sake tofowa.

Dabarar ta yi aiki, amma ba ta yaɗu yadda aka so ba. Wayar shinge na da tsada, gobarar daji ba ta tambayar mai fili, kuma mutum ba ya shuka a ƙasar da bai da tabbacin gobe tasa ce. Dokar makiyayu ta 1965 ta keɓe filaye a Jihar Arewa, amma da yawansu gonaki da gine-gine sun cinye su, har da burtalai.

Ilimin yana nan a Shika, irin ma namu ne. Abin da ya rage shi ne mu ɗauki ciyawa a matsayin amfanin gona, kamar gero da dawa, maimakon kyautar daji. Kafin nan, madarar gari ta ƙasashen waje za ta ci gaba da cika shagunanmu.

Mu marubuta mun cika littattafai da rikicin manoma da makiyaya, amma mun fi tsayawa a kan adda da sanda. Tushen labarin yana ƙasa, inda ciyawa ta ƙare. Wa zai rubuta mana makiyayin da ya shuka ciyawarsa, da abin da maƙwabta suka ce da shi? Filin sharhi naku ne.