Alhaji Umaru da Hanyar Gwanja

A zamanin da fataken Kano ke ɗora wa jakuna kanwa da tufafi su nufi Gwanja sayen goro, suna shafe watanni suna sauka zango zango, da wuya ayari ya tashi ba tare da malami ba, domin madugu, kome sanin hanyarsa, yana bukatar mai duba ranar tashi, mai jan salla, mai rubuta wasiƙa. Ta haka ilmi ya bi sawun fatauci, har ya zamana duk inda aka kafa zango, can za ka ji karatun yara a gindin bishiya, gafakar malam na rataye kusa da huhun goro.

Cikin waɗanda wannan hanya ta raina babu kamar Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano wajen shekarar 1858, asalin gidansu kuwa Kabi ne. Bayan ya yi ɗalibta a ƙasar Hausa, sai ya bi fatake zuwa Salga, babbar kasuwar goro ta Gwanja, kuma da yaƙin basasa na 1892 ya watse garin, ya koma Kete-Karachi a bakin kogin Volta, inda ya zama liman, almajirai suka yi ta zuwa gare shi daga nesa.

Abin da ya fifita shi bisa takwarorinsa shi ne bai ɗauki rayuwar talakawa a matsayin abin da ya yi wa alƙalami ƙanƙanta ba. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa a kan zuwan Nasara, da talauci da wadata, da annobar mura ta 1918. Ya juya ƙasidun mawaƙin Larabawan nan Imru'ul Ƙaisi zuwa Hausa. Sa'an nan ya rubuta wa wani Bajamushe, Mischlich, tarihin ƙasashen Hausa da bayanin sana'o'i da al'adunsu da ajami, kamar mai tsoron kada abin da idonsa ya gani ya bi shi kabari.

Ya rasu a 1934, Allah ya jiƙansa. Yau ayari ya mutu, tsohon garin Kete-Karachi ma ruwan tafkin Volta ya shanye shi bayan gina madatsar Akosombo, amma duk mai son sanin yadda kakanninmu suka yi ciniki da zaman duniya a wancan zamani, lalle ne ya koma ga takardun wannan bawan Allah ya karanta da ladabi.